Tuwon Neman Yafiya

Rabona da in ɗora goshina a ƙasa har na daina lissafi. A masallacin layinmu, can Unguwar Rimi, akwai wata farar kujerar roba a ƙarshen sahu, ta gefen taga, wadda kowa ya san tawa ce. Ba wanda ya ba ni ita, ba kuma wanda yake zama a kai. In liman ya yi kabbara aka tafi sujada, sai in ga bayan mutane ya shimfiɗu a gabana, ni kuwa in ɗan duƙar da kai iyakar inda teɓata ta yarda, ina haki. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Akwai tsofaffin da suka girme ni nesa ba kusa ba, amma su kai goshi ƙasa su ɗago garau.

Ƙibar ba rana ɗaya ta zo ba. Aikin gwamnati na yi har na yi ritaya, kuma aiki ne na zama: daga mota sai kujera, daga kujera sai taro, a taron ma a dire maka abinci. Lokacin da jikin ya fara buɗewa, murna kowa yake taya ni. Abokai su ce hutu ya karɓe ni, tela ya ƙara yadi yana dariya, ni ma in taya shi. Ba wanda ya taɓa ce mini ciwo ne, sai da numfashi ya fara yi mini gardama. Da farko sai na hau matakala nake jinsa, daga baya ko takalmi na sunkuya sawa, har ta kai in na ja magana da tsawo sai na tsaya na nemi iska. Barci kuwa, matata ta ce ba minsharin ne ke damunta ba, ta saba da shi tun muna da ƙuruciya. Shirun da ke biyo bayansa ne yake tsinka mata zuciya.

Na sha ganyen magani, na sha shayin rage ƙiba kala-kala, na yi azumin Litinin da Alhamis na rama a buɗa-baki. Daga ƙarshe dai aka tura ni wurin wani likita wanda ya ce akwai aikin da ake yi, a rage wa mutum tumbi, wato jakar da abinci ke sauka, ta yadda ɗan kaɗan zai ƙosar da shi. Likitan bai wuce sa'ar ɗana na fari ba, amma ba ya kwana-kwana.

"Baba," ya ce, "aikin kansa ba shi ya fi ba mu tsoro ba. Sa ka barci da tashinka shi ne abin dubawa. Da wannan ƙirjin naka, in muka kwantar da kai yau, ba ni da tabbacin numfashinka zai dawo da kansa."

Sai ya gindaya mini sharuɗɗa. In rage nauyi da kaina tukuna, ko yaya ne, don huhu ya samu wurin buɗewa. In riƙa ɗaura wata na'ura mai hura iska a hanci duk lokacin da zan kwanta. In an kusa, sai in koma abu mai ruwa-ruwa kawai, don kitsen hanta ya ragu, saboda hantar a kan tumbin take kwance, sai an ɗaga ta ake kaiwa gare shi. Ya sa rana, ya ce kafin ranar zan dawo in hau sikeli. In sikeli bai sauka ba, babu aiki.

Na fito raina a ɓace, ba don ya yi ƙarya ba, sai don ya faɗi gaskiya a gaban matata. Tun a mota ta fara ambaton abin da za a daina dafawa. Man shanu ya bar gidan, suga ya bi bayansa, tuwona ya koma kamar na yaye. Bayan la'asar in fita in taka zuwa kwanar layi, in dafa katangar maƙwabci in huta, in juyo. Masu keke mai ƙafa uku su yi ta tsayawa suna cewa, "Baba, ina zuwa?" In ce musu lafiya nake nema, su ja kekensu suna waiwayena. Ina mita ina yi, kuma abin ya fara aiki. Wandon da na daɗe da yi wa sallama ya shige ni.

Sai aka zo kan zancen yafiya. Mu a danginmu, mutum ba ya hawa jirgin Makka ko ya shiga ɗakin tiyata bai zagaya 'yan uwa ya nemi a yafe masa ba. Ba sai ka yi wa wani laifi ba, zama tare ne kawai, ba a rasa abin da aka taka ba a sani ba. Kuma ba a yin sa ta waya. Wanda ya bugo waya ya ce a yafe masa, za a ce an yafe, amma za a daɗe ana ba da labarinsa. Ƙafarka za ka ɗauka, ka je, ka zauna, a kalli idonka. Ni da likita ya gaya wa cewa tashina daga barcin nan ba shi da tabbas, ai ba ni ne zan karya wannan al'ada ba.

Abin da na manta shi ne, a gidan Bahaushe ba a yafe maka da baki kawai. Na fara da unguwar Kawo, gidan wani ɗan baffana da ke da shagon kayan mota kusa da tasha. Na faɗi abin da ya kawo ni, ya ce ba komai wallahi, ya yafe duniya da lahira, muka share ido. Kafin in gyara zama an dire mini masa da miyar taushe, mai yana ƙyalli a sama.

"Ka yi haƙuri," na ce, "likita ya hana ni."

Ya dube ni, ya dubi kwanon. "Likitan ne ya ce kada ka ci na gidana?"

To me zan ce? Wanda ya zo neman yafiya ba ya ture kwano. In ka ture, sai a ce ashe har yanzu da sauran abu a ransa, zuwan nasa ma na ganin ido ne. Na wanke hannu na ce bismillah. Matata tana gefe tana harara ta, matar gidan kuma tana cewa in ƙara, wai wanda za a yi wa aiki sai ya ci ya tara jini. Ban san wanda ya fara kawo wannan magana ba, amma duk gidan da na shiga sai na tarar ta riga ni isa.

Haka na yi ta yi, yau nan gobe can. Wani gidan dambu, wani farfesun ƙafar saniya, wani fura da nono mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Waɗanda na je wa kuma suka fara ramawa, don su ma dole su zo dubiya, kuma ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Kuloli suka yi ta shigowa gidana, mai kular ya zauna sai ya ga na ɗanɗana. Matata ta ce, "Alhaji, kai da yafiyar nan, sai ta kai ka inda ba a dawowa." Na ce mata ta bar mini fatan tsiya. Amma na san gaskiyarta, don wandon nan ya sake ƙin shiga.

Gidan Yaya na bar wa ƙarshe, kuma da gangan na yi. Yaya ita ce babbar ɗiyar mahaifiyarmu, ni ne ƙaramin. Inna ta rasu ban gama wayo ba, Yaya ta ɗauke ni ta kai ni gidan aurenta a Unguwar Kanawa, inda har yau take zaune. An ce a lokacin ni ƙashi da rai ne, kullum ciwo, har mata sukan zo su leƙa ni su fita suna girgiza kai. Ita ta zauna ta yi ta ɗura mini kunu da cokali, in tofar ta sake zubawa, har na tsaya da ƙafata. Tun daga nan, in tana son ta ce tana ƙaunarka, ludayi take ɗauka. Na yi furfura, na aurar da 'ya'ya, ina cika ƙofar ɗakinta in zan shiga, amma har yau Auta take kirana. Kuma duk zuwan da na yi sai ta matsa damtsena ta ce, "Ka rame."

Ranar ma haka ta yi. Na zauna a kujerarta, matata ta zauna a tabarma, na fara, "Yaya, na zo ne a kan maganar aikin nan, in akwai abin da na taɓa yi miki..."

"Ci tukuna," ta ce.

Ita da kanta ta tuƙa tuwon, ta hana surukarta taɓa tukunyar. Tuwon dawa ne da miyar busasshiyar kuɓewa, ta kwarara man shanu har ya kwanta a gefe. Kuma a cikin kwanona ta zubo, wani tsohon kwanon samira mai zanen fure wanda fentinsa ya ɓamɓare a baki. Da shi nake ci tun ina yaro, ba ta yarda kowa ya taɓa shi.

Matata ta yi ƙarfin hali ta ce, "Yaya, likita fa ya ce..."

"Likita ya san lokacin da yaron nan ba ya iya riƙe kansa? A kama lafiyayyen mutum a yanke masa ciki, don Allah ya ba shi jiki? Mutane na neman abin da za su sa a ciki, ku kuna neman wanda zai ɗinke muku shi. Ci, Auta."

Na ci, kuma ba zan ce dole aka yi mini ba, don babu tuwon da ya kai na Yaya a duk faɗin Kaduna. Na sauke kwanon tas. Muka yi azahar, ni a kan kujera kamar kullum. Ciki ya yi nauyi, fanka tana kaɗawa, su biyu suna hira ƙasa-ƙasa, sai barci ya sace ni a zaune. Na'urar hancin tana gida, ban yi tunanin zan buƙace ta da rana tsaka ba.

Dukan da na ji a ƙirjina ne ya tashe ni. Na buɗe ido na ga Yaya a tsaye a kaina, ɗankwalinta ya zame, tana salati tana jijjiga ni da iyakar ƙarfinta. Na ja wani dogon numfashi mai ƙara, ƙirjina yana zafi.

"Yaya, lafiya?"

"Ina ka tafi?"

"Barci ne ya ɗauke ni."

"Wannan ba barci ba ne," ta ce. "Kana minshari sai ka yi ɗif. Ƙirjin yana motsi amma ba abin da ke shiga, leɓenka ya yi baƙi. Irin shirun nan sau ɗaya na taɓa jin sa, ranar da Inna ta cika."

Matata ta ce a hankali, "Haka yake yi kullum, Yaya. Shi ya sa za a yi aikin."

Yaya ta gyara ɗankwalinta. Ta koma bakin gado ta zauna, ta ƙura wa kwanon nan ido. Da muka tashi tafiya ba ta rako mu zaure ba, ba ta kuma ba mu ƙullin dakakken yaji da daddawa da ta saba ba mu ba. Sai a mota na tuna ba ta amsa mini maganar yafiyar ba.

Da ranar hawa sikeli ta zo, ban ko kalli lambar ba, fuskar likitan na kalla. Nauyin da na sauke ya dawo, har da 'yan rakiya.

"Baba, me ya faru?"

"Yafiya na je nema," na ce.

Na ba shi labari, ya yi dariya har da dafa tebur, don shi ma ɗan gida ne, ya san kwanon da ba a turewa. Sannan ya daina dariyar. Ya ce ya ɗage aikin. Zai sake sa mini rana sau ɗaya, in na dawo a haka, to gara mu haƙura, don shekaruna ba sa jira, kuma ba zai sa hannu a kwantar da ni ba. A hanyar gida kujerar robar nan kawai nake gani, ina cewa a raina shi ke nan, a kanta zan ƙare sallolina. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban ji ba ko lokacin da aka fara ambaton wuƙa.

Muna shiga get na hango mutum a baranda. Yaya ce zaune a kan darduma, sandarta a gefe, jakar kayanta a bayanta. Ita da ko bikin jikokinta sai an yi da gaske take kwana a wani gida.

"Na zo zama," ta ce wa matata. "Ki nuna mini abin da likitan ya ce a ba shi, da wanda ya ce kada a ba shi."

Daga ranar barandar nan ta zama ofishinta. Duk wanda ya shigo da kula, a gabanta zai fara durƙusawa, don duk dangi babu wanda ya girme ta. Sai ta karɓa, ta buɗe, ta yaba, ta sa albarka. Sannan ta gutsuri loma ɗaya ta kai bakinta a gaban mai kular.

"To, Auta ya ci," za ta ce. "Bakina bakinsa ne, ni na raine shi. Allah ya saka da alheri."

Wa zai yi musu? Ɗan baffan nan nawa na Kawo ya zo da farfesu ya ɗan so ya ja magana, ta dube shi ta ce, "Kai ma na goya ka, zauna." Ya zauna. Ba wanda ya fita da ɓacin rai, kulolin kuma suka riƙa wucewa gidajen maƙwabta da wurin masu gadi. Ni ina falo ina jin ƙamshi yana wucewa ta taga, ina riƙe da kofin romo, ina jin kamar in yi kuka. Wani lokaci har tsaki nake yi da ƙarfi don ta ji. Ko ta waiwayo.

Ba ta tsaya nan ba. In na kwanta bayan azahar sai ta turo ƙofa da sanda ta ga ko na ɗaura abin hancin, wanda ta sa wa suna takunkumi. In la'asar ta yi ta ce, "Tashi ka je ka gaida kwanar layi." Har na fara ce wa matata gara mulkinta da na Yaya. Ita ce ma ta jawo hankalina ga abin da ban lura da shi ba. Ta ce ban da lomar nan da Yaya ke ci a gaban baƙi, ba ta cin komai sai irin abin da aka ba ni. In romo ne romo, in kunu ne tsararo ba suga, shi za ta sha. Na yi mata magana, na ce ita ba a sa ta ba, ga tsufa.

"Ba zan iya tauna abu kana kallo ba," ta ce. "Ban taɓa yi ba."

Da na koma asibiti sikeli ya sauka. Likitan ya sa abin sauraronsa a ƙirjina ya daɗe, ya ce yanzu ya ji iska tana kaiwa ƙasa. Ya tabbatar da ranar.

Ana gobe za a kwantar da ni, da hantsi, Yaya ta shigo falo da kwanon samirar nan a rufe da faifai. Ban san ta taho da shi ba. Ta ajiye a gabana ta buɗe. Romon kaza ne, ta tace shi da ƙyalle har ana ganin furen da ke gindin kwanon, ko ɗigon mai babu. Maimakon ta hau kujera, sai ta dafa sanda ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

"Ranar da ka zo neman yafiya ban amsa maka ba," ta ce. "Ba ka yi mini komai ba, Auta. Ni ce zan nema. Tun kana ƙarami nake tsoron kada ka mutu don ba ka ci ba, tsoron bai taɓa sakina ba. Ina ta zuba maka, ina ta zuba maka, ashe numfashinka nake toshewa. Ka yafe mini."

Na so in sauko in zauna kusa da ita, jikin ya hana. Sai na miƙa hannu na riƙe nata. Na ce mata in ba don cokalinta ba, da ba a samu wanda za a yi wa aikin ba. Na ce kujerar ofis da kwaɗayina su suka yi mini wannan, ba ita ba. Ta ce ita dai in faɗa. Na ce na yafe, muna kuka mu biyu, tsofaffi, matata tana bakin ƙofa tana taya mu. Sannan ta tura mini kwanon ta ce in sha kafin ya huce.

An yi aikin, na kuma tashi. Ba a ɗakin da kowa ke farfaɗowa na farfaɗo ba, sai da suka riƙe ni a inda ake sa ido sosai saboda ƙirjin, kuma watannin da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba. Amma wannan wani zance ne. Abin da nake so in rubuta shi ne wata Laraba da na je Unguwar Kanawa gaishe ta, azahar ta same ni a ɗakinta. Ta jawo mini kujera kamar yadda ta saba, na ce ta bari. Na shimfiɗa dardumarta na tayar. Da na zo sujada na sauka a hankali, gwiwa tana ƙara, ina dafa ƙasa, har goshina ya taɓa. Dardumar tana ƙamshin turaren wutarta. Na daɗe ban ɗago ba, kuma numfashina yana shiga yana fita.

Da na sallame na same ta tana kallona. Ta miƙo hannu ta matsa damtsena.

"Ka rame," ta ce.

Karo na farko ke nan da ta faɗa kuma gaskiya ne. Na ga idonta ya tafi kan kabad, inda kwanon samirar yake a kife. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tashi ta ɗauko ɗan ƙaramin kofin shayi, ta zuba mini kunu rabi, ta zauna tana kallo har na shanye.